Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kai Baƙi Ƙauyukan Bakin Teku

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina rubuto muku ne a matsayina na wanda ya sha biyan kuɗin tafiyarku, ya sha zama a kujerar motarku, ya kuma sha bin bayan jagoranku mai ɗaga 'yar tuta sama don kada mu ɓace. Don haka kada ku ɗauki wannan a matsayin maganar maƙiyi. Ba don ku ba, da yawanmu ba za mu taɓa ganin teku ba sai a fuskar waya. Kun sauƙaƙa abin da a da sai mai hali, kuma na yaba. Amma akwai abin da ya daɗe yana damuna game da yadda kuke kai mu ƙananan ƙauyukan bakin teku, kuma na ga gara in faɗa a fili, inda sauran abokan cinikinku za su ji.

A wata tafiya da na yi da ɗaya daga cikinku, ba sai na kama suna ba, an sauke mu a wani ɗan ƙauyen masunta wajen ƙarfe ɗaya na rana. Jagora ya dubi agogonsa ya ce, "Minti casa'in. Wanda bai dawo ba ya san yadda zai yi." Mu kusan hamsin muka kwarara cikin lungu ɗaya tilo da ke gangarawa bakin ruwa, kowa waya a sama. A can ƙasa wani dattijo ya shimfiɗa tarunsa yana ɗinke inda ya yage. Wani cikinmu yana ja da baya don hoto ya kwashe jiragen duka, sai ya taka tarun, takalminsa ya harɗe a ciki. Dattijon bai ce uffan ba. Ya miƙe, ya warware zaren daga takalmin, ya koma ya zauna ya ci gaba da ɗinkinsa. Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi, domin shirun nan ya nuna ba yau ne farau ba.

Muka koma mota kowa da hoto ɗari. Duk hotunan sun nuna jirage kwance a kan laka, sun karkata gefe guda, babu ruwa a ƙarƙashinsu. Wata mata a bayana ta ce, "Allah sarki, jiragensu duk sun lalace." Jagora bai gyara mata ba. Ina zaton hankalinsa yana kan ƙauye na gaba.

Jiragen lafiyarsu ƙalau. Teku ne ya janye, zai kuma dawo ya ɗaga su kafin magariba. Wanda ya tashi nesa da teku yana ɗauka inda ya ga bakin ruwa nan yake kullum, kamar tafki. A mafi yawan gaɓoɓin duniya kuwa ruwa yana cikowa sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, kuma tsakanin cika da cika akwai kamar awa 12 da minti 25. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taya shi. Shi ya sa lokacin ke jinkirtawa da kusan minti 50 kowace rana: in yau ya cika da ƙarfe shida na safe, gobe sai bakwai saura. Kuma ya fi tumbatsa, ya fi janyewa nesa, a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da wata ya cika. A Bahar Rum abin kaɗan ne, da ƙyar baƙo zai lura. A mashigin Fundy na Kanada kuwa, tsakanin cika da janyewa yakan kai mita 16, tsayin bene mai hawa huɗu ko biyar. Wannan shi ne agogon ƙauyen bakin teku. Da shi masunci ke fita, da shi yake dawowa, da shi ake sanin lokacin da za a ga mutane a gari da lokacin da za a tarar da shi tsit. Ku kuma agogonku na direba ne. Kuna isa a lokacin da ya yi wa mota daidai, sai mu ga abin da muka tarar, mu ɗauka shi ke nan ƙauyen.

Da a ce rashin sanin nan a hoto ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Yana cin rai. Tsibirin Lindisfarne da ke arewa maso gabashin Ingila ana shigarsa da mota ta wata hanya da teku ke rufewa sau biyu a rana. An kafa allunan lokutan tsallakawa, an kuma gina wani ɗan ɗaki a kan dogayen ƙafafu a tsakiyar hanyar don wanda ruwa ya ritsa da shi ya hau ya jira ceto. Duk da haka ba a daina ganin motocin baƙi a cikin ruwa ba, domin mutum yakan dubi hanya ya ga ƙasa a bushe, ya yarda da idonsa fiye da allo. A mashigin Morecambe na Ingila, a watan Fabrairun 2004, 'yan ƙwadago 'yan ƙasar Sin fiye da 20 ne suka nutse suna tsintar ƙwansar teku a kan yashi da daddare, lokacin da ruwa ya zagaye su. Su ba 'yan yawon buɗe ido ba ne, amma abin da ya kashe su shi ke jiran kowane baƙo: a shimfiɗaɗɗen yashi ruwa ba daga gaba kaɗai yake zuwa ba, yana bin kwaruruka ya cike bayanka tun kana kallon gabanka.

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan yaudara. Mai son wanka yakan dubi bakin teku ya zaɓi wurin da igiyar ruwa ba ta fashewa, inda ruwan ya yi duhu ya kwanta luf. Sau da yawa nan ne kwararon da ruwa ke komawa ciki da ƙarfi, wanda gwanin iyo ma ba ya iya ja da shi. Wanda ya faɗa sai ya bar kokawa, ya yi iyo a gicciye, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga kwararon. Yaron ƙauyen ɗan shekara goma ya san wannan. Ni ban taɓa jin jagoranku ya faɗa a mota ba, ko da sau ɗaya, alhali yana da lokacin gaya mana shagon da za mu sayi tsaraba. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma ku ne kuka riƙe masa sanda.

In ruwa ya janye, abin da ya bari a fili ba fili ne na kowa ba. A gabashin Zanzibar, a ƙauyuka irin su Paje da Jambiani, mata suna noman ciyawar teku tun wajen 1989. Sukan kafa turaku a cikin ruwa mara zurfi, su ɗaura igiyoyi, su ɗaure tsiron a jiki, kuma ba sa samun yin aikin sai a 'yan sa'o'in da teku ya ja baya. Gona ce sosai, shinge ne kawai babu. Baƙon da ba a gaya masa ba zai ratsa ta tsakiya yana neman wurin hoto, ya tuge turke, ya kuma ɗauki matar da ke sunkuye tana aiki ba tare da ko sallama ba. Wa zai yarda a yi masa haka a wurin neman abincinsa?

To, duk wannan gaban ƙauye ne, wanda kuke sayarwa. Babban ƙorafina yana kan bayansa, wato karkarar da ke kewaye, wadda kuke wucewa da mu a guje labule a sauke.

Ku ɗauki Cinque Terre a Italiya, tunda babu ɗayanku da bai san shi ba. Ƙauyuka biyar ne manne a jikin tsauni a gaɓar Liguria: Monterosso, Vernazza, Corniglia, Manarola da Riomaggiore. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, aka mai da shi gandun ƙasa, wato wurin da gwamnati ke karewa, a 1999. Mazaunansa ba su wuce dubu huɗu ba, masu ziyara kuwa miliyoyi ne a shekara. Kowa yana zuwa ne don gidaje masu launi-launi da ke leƙen teku. Amma ku ɗaga kai sama. Tsaunin da ke bisa gidajen nan an sassaƙe shi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa gona ce ta inabi ko zaitun, kuma abin da ke riƙe da ƙasar kowace gona katanga ce ta duwatsu zalla, babu siminti, babu laka. An jera su da hannu cikin ɗaruruwan shekaru, tsawonsu in an haɗa ya kai dubban kilomita. Hikimar katangar ita ce ramukan da ke tsakanin duwatsun: ruwan sama yana tsiyayewa ta nan a hankali, ƙasa kuma ta tsaya. Sai dai katanga irin wannan tana son hannu kullum. Dutse ɗaya ya zame a mai da shi, in ba haka ba baɗi goma ne za su bi shi.

Da jirgin ƙasa ya iso yankin a 1874, daga baya kuma ayyukan birni da kuɗin baƙi suka buɗe, matasa suka riƙa sauka daga tsauni. Ban ga laifinsu ba. Wa zai zaɓi ɗaukar kwandon inabi a kafaɗa yana hawan dutse in zai samu fiye da haka a zaune, yana ba da hayar ɗaki? Gonaki da yawa suka koma daji, katangu suka fara faɗuwa ba mai tayarwa. Ranar 25 ga Oktoban 2011 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsauni ya zaftaro, laka da duwatsu suka bi ta tsakiyar Vernazza da Monterosso, suka cike babban titin Vernazza har suka binne shagunan ƙasa, aka yi asarar rayuka. Ruwan ranar ya fi ƙarfin kowace dabara, wannan gaskiya ne, amma gonakin da aka yi watsi da su suna cikin wuraren da suka fi saurin sakin ƙasarsu. Shekara guda bayan haka, a 2012, duwatsu suka faɗo a kan 'yar hanyar ƙafa da ta haɗa Riomaggiore da Manarola, suka ji wa baƙi rauni, aka rufe ta. Ba a buɗe ta gaba ɗaya ba sai 2024, kuma yanzu sai da tikiti da ƙayyadadden lokaci.

Kun ga ke nan manomin da ke can sama yana gyara katanga shi ke riƙe da gidan da kuke bugawa a tallanku. Shi kuwa ba ya cikin jadawalinku. Ba ku kai masa baƙo, ba a sayen amfanin gonarsa daga hannunsa, ko sunan aikinsa ba a ambata a mota. Har hukumar gandun ta gaji da ceto mutanen da ke hawa tsauni da silifa, ta sa tara a kan haka a 2019. Wa ya kawo su da silifa? Wanda ya gaya musu bakin ruwa kawai za a je.

Kuma karkarar nan ba wai wahalar shiga gare ta ba. A wurare da yawa hanyoyin ƙafa suna nan tun kafin a haife mu. A yankin Brittany na Faransa akwai hanyar da aka shata wa jami'an kwastan a 1791 don tsaron gaɓa daga 'yan fasa-ƙwauri, yau ta zama hanyar matafiya mai tsawon fiye da kilomita 2,000. A kudu maso yammacin Ingila akwai irinta, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, ita ma asalinta sintirin masu gadin gaɓa ne. Ba na ce ku sa tsofaffi tafiyar kwanaki ba. Tafiyar awa ɗaya daga ƙauye zuwa ƙauye ta bisa tudu ta isa mutum ya gane dalilin da ya sa aka kafa garin a wannan lungun ba wancan ba: ga inda iska ba ta bugu, ga rafin ruwan daɗi, ga dutsen da ke kare jirage. Sai dai in za ku kai mu, ku koya mana ladabin wurin tukuna. Ƙyauren gona a bar shi yadda aka same shi, in a rufe a rufe, in a buɗe a buɗe, don mai dabbobi ya san dalilinsa. Mai kare ya riƙe igiyarsa, domin tunkiya mai ciki takan yi ɓari in an kore ta. Tudun yashi da ke bayan gaɓa kuma ciyawar da ke kansa ce ke ɗaure shi, in ƙafafu suka kashe ta iska ta kwashe yashin, ƙauye ya rasa garkuwarsa. A Norwe doka ta 1957 ta ba kowa 'yancin yawo da kafa tanti a dajin da ba a noma, amma da sharaɗin ya nisanci gidan mutane da mita 150, kada kuma ya wuce kwana biyu a wuri guda ba izini. Ko can ɗin, a tsibiran Lofoten, ƙafafun baƙi sun cinye hanyar hawa dutsen da ke bisa ƙauyen Reine har sai da aka ɗauko magina 'yan ƙabilar Sherpa daga Nepal suka shimfiɗa matakalar dutse.

Na san amsar da za ku ba ni, don na taɓa jin ta. Za ku ce kuna kawo wa ƙauyukan nan kuɗi. Wane kuɗi baƙon minti casa'in ke bari? Ya kwana a otal ɗin birni ko a cikin babban jirgin shaƙatawa, can ya karya, can zai koma ya ci na dare. Abin da ya bar wa ƙauye shi ne cunkoso a lungu, layi a banɗaki, da shara a kwandon da ƙaramar hukuma mai mutum ɗari biyar za ta kwashe. Ruwan sha ma abin lissafi ne. Rijiyar bakin teku ruwan daɗinta yana zaune ne a kan ruwan gishiri, in aka matsa mata da ja sai gishirin ya hauro, kuma in ya hauro ba ya komawa da wuri. Baƙi sun fi yawa a lokacin zafi, daidai lokacin da rijiyar ta fi rauni.

Wanda ya ƙyalla ido ya ga ƙauyen ya burge shi kuma, in mai kuɗi ne, yakan dawo ya sayi gida ya kulle, sai hutu ya zo ya yi mako biyu. Farashin gida ya tashi, ɗan masunci ya kasa zama a garin ubansa, makaranta ta rasa yara, da sanyi ka bi layi guda ba ka ga fitila a taga ba. Mutanen garin St Ives a yankin Cornwall na Ingila sun kai maƙura har suka kaɗa ƙuri'a a 2016, fiye da kashi 80 cikin 100 suka amince duk sabon gidan da za a gina sai dai wanda zai zauna a ciki dindindin. Ana ta muhawara a kan ko dokar ta yi maganin abin, amma ƙuri'ar kanta ta isa ta nuna muku inda ke yi musu ƙaiƙayi. Wannan ba laifinku ba ne kai tsaye. Na kawo shi ne don ku san halin mutanen da kuke sauke mu a ƙofar gidansu.

Za ku kuma ce mu ne muke son ƙauye biyar a rana ɗaya, kasuwa kuke bi. Akwai gaskiya a nan, kuma ni ma na taɓa zaɓen tafiya don yawan sunayen da ke jikin takarda. Amma wa ya koya mana wannan kwaɗayin? Ku kuka jera sunayen kuna gasa da juna. Mai biyan kuɗi bai san akwai wani zaɓi ba sai an nuna masa.

Ni da kuskure na gano. A wata tafiyar daban na yi nisa a kan tudu, na dawo na tarar mota ta tafi, kamar yadda aka yi alkawari. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na nemi ɗaki a gidan wasu tsofaffi, mata da miji, na kwana. Da motar ƙarshe ta fita wajen la'asar sakaliya, sai ƙauyen ya zama wani gari daban. Aka fito da kujeru ƙofar gida, yara suka mamaye filin da ɗazu motoci suka cike, mutanen da na ɗauka ba sa magana suka dinga tambayata daga ina. Da asuba ƙarar injin jirage ta tashe ni. Na sauka na ga jiragen da na saba gani kwance a laka suna tsaye a kan ruwa suna fita ɗaya bayan ɗaya, fitilunsu na lilo. Da hantsi mai gidan ya ja ni zuwa 'yar gonarsa a bayan gari, ya nuna mini inda ruwa ya ci gaɓa tun yana yaro, da wurin da wata hanya take a da wadda yanzu teku ne. Bai san harshena ba, ban san nasa ba, da hannu muka yi yawancin hirar. A cikin tafiye-tafiyen da na biya ku, wannan daren da ba ku shirya ba shi ne kaɗai nake iya ba da labarinsa daki-daki.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Ku rage sunaye a takarda, ku sa kwana ɗaya a cikin ƙauye, a gidajen mutanen wurin. Motar mutum hamsin ta tsaya a bakin gari, a shiga kaɗan-kaɗan, lungun da aka yi don jaki da mai ɗauke da taru ba zai ɗauki runduna ba. In an isa, jagoranku ya miƙa tutar ga ɗan gari a biya shi, tunda da ɗan gari akan ci gari, shi ya san dutsen da ke da santsi da gidan da ba a son hoto. Wani kaso na kuɗin da muke biya ya tafi ga masu gyaran katanga da hanyar ƙafa, ku kuma rubuta mana nawa ne da inda ya je, za mu biya da daɗin rai. In gaɓar da za a kwana kunkurun teku na yin ƙwai a cikinta, a kashe fitilu masu haska yashi, domin 'ya'yan in sun ƙyanƙyashe haske suke bi, fitilar masauki takan juya su su bar teku a baya. Jadawalin cika da janyewar ruwa kuma kyauta ake samunsa, an lissafa shi tun shekara ba ta kama ba, ba abin da zai hana ku buga shi a takardar tafiya kusa da lokacin tashin mota.

Ina da niyyar sake tafiya baɗi in Allah ya kai mu. Zan shigo ofishinku in tambayi ma'aikacinku a ina za mu kwana, da kuma ƙarfe nawa ruwa zai cika ranar da za mu isa. In ya amsa duka biyun, a nan zan biya.

Wassalam.

Naku,
Wani abokin cinikinku